Abin da ministan ƙwadago Kurwaza ya koya mini game da takarda

Shekara shida ke nan ina zaune a teburin karɓar takardun fansho, kuma na daɗe ina ɗauka aikina shi ne duba sa hannu da buga hatimi. A wani kwas na ƙungiyar ƙwadago na fara jin sunan Ambroise Croizat, wanda Faransawa ke furtawa Kurwaza, ɗan kwaminisancin da ya riƙe ma'aikatar ƙwadago ta Faransa daga Nuwamban 1945 zuwa Mayun 1947, in ban da 'yan makonni a tsakani.

An haife shi a 1901 a yankin Savoie na ƙasar Faransa. Yana ɗan shekara 13 ya shiga masana'anta, ya zama ma'aikacin ƙarfe, daga baya ya shugabanci ma'aikatan ƙarfe na CGT, babbar ƙungiyar ƙwadagon Faransa. An kama shi a 1939, aka kai shi kurkuku a Aljeriya, bai fito ba sai 1943.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ko da yake an san shi da kafa tsarin inshorar ma'aikata na Faransa, wanda ya ƙunshi fansho da kuɗin jinya, ba shi ya rubuta dokar ba. An fitar da ita a Oktoban 1945, kafin a naɗa shi, kuma wani jami'in gwamnati, Pierre Laroque, ne ya tsara ta. Kurwaza ya tarar da takarda, shi kuwa ya sa ta ta zama ofishi mai ƙofa da taga. Cikin 'yan watanni aka buɗe ofisoshin asusun inshorar guda 138, 'yan ƙungiya suna tashi daga aiki su je su jera katunan mutane da hannu. Kashi uku cikin huɗu na kujerun gudanarwa ma'aikata aka ba, tunda guminsu ne a ciki. Mu nan Afirka dai ba mu ga wannan alheri a lokacin ba. Sai da aka sha yajin aiki kafin dokar ƙwadago ta 1952 ta iso ƙasashen da Faransa ke mulka.

Bayan kwas ɗin da mako biyu wani dattijo ya zo teburina, takardunsa a ƙunshe cikin baƙar leda, gefensu duk ya cinye. Zuwansa na huɗu ke nan, saboda an rubuta sunan mahaifinsa iri biyu. A da, cewa zan yi ya dawo. Ranar na ce, "Baba, zauna nan," na ɗauki fayil ɗin da kaina na hau bene, na tsaya har aka gyara. Minti arba'in ya ɗauka. Da na sauko na same shi yana jan carbi, ya cire takalmi ɗaya saboda ƙafar ta kumbura.

Kurwaza bai ci fanshon da ya yi wa wahala ba. An sallame shi tare da sauran ministocin kwaminisanci a Mayun 1947, lokacin yajin aikin kamfanin motoci na Renault, ciwon dajin huhu kuma ya ɗauke shi a Fabrairun 1951, yana da shekara 50.