Cocin Akdamar: an gyara shi, amma na waye?

Jama'a in kuna yawan kallon hotunan yawon buɗe ido na Turkiyya a Facebook to na san kun ci karo da wani ɗan coci na jan dutse a kan tsibiri, cikin tafkin Van, can gabashin ƙasar. Kyau kam ba a magana. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne na Armeniyawa ne, sarkinsu Gagik na masarautar Vaspurakan ya sa aka gina shi tsakanin 915 da 921, wani limamin coci mai suna Manuel ya tsara ginin.

Ni dai abin da ya fi ɗaukar hankalina bangon waje ne, an sassaƙe shi kaf da labaran annabawa. Ga Annabi Yunus ana jefa shi daga jirgi kifi ya hangame baki yana jira, ga Dauda ɗan yaro da majajjawa a gaban Jalutu, ga Annabi Ibrahim da wuƙa a hannu da rago can gefe, sai shi Gagik ɗin riƙe da ɗan ƙaramin cocin a tafin hannu kamar wanda ya kawo gaisuwa fada. Ɗan makarantar allo ma zai gane rabin labaran nan ba sai an yi masa bayani ba.

Daga 1113 har 1895 wurin mazaunin babban shugaban cocinsu ne na yankin. Sai 1915 ta zo, aka karkashe Armeniyawa aka kore sauran, wanda su da ƙasashe da yawa ke kira kisan ƙare dangi, Turkiyya kuwa har gobe ba ta yarda da sunan ba. Cocin ya zama kufai, a 1951 har an fara rushe wurin sai marubuci Yashar Kemal, lokacin yana ɗan jarida, ya tashi tsaye ya kai ƙara har aka dakatar.

To a 2007 gwamnati ta buɗe shi bayan gyara, amma fa a matsayin gidan tarihi, ba gicciye a saman hasumiya, ba izinin ibada. Sai Satumbar 2010 aka yarda a yi addu'a, sau ɗaya tak a shekara, kuma ranar ma ba a ɗora gicciyen ba wai matsalar aiki ce, shi ya sa shugabannin coci na Armeniya suka ƙi zuwa, bayan an watse da ƴan makonni aka ɗora.

Wasu na cewa ai gara haka, coci-coci nawa na Armeniyawa suka ruguje a yankin ba wanda ya waiwaye su. Gaskiya ne. Amma ni in kakana ya gina ɗakin ibada, sai na jira izinin ma'aikatar al'adu sau ɗaya a shekara kafin in yi addu'a a ciki, sauran ranakun kuma in sayi tikiti irin na ƴan yawon buɗe ido, wallahi ba zan ce an maido min da shi ba.