Yau ma dare ya yi min a wajen aiki

Ƙarfe tara da rabi. Yanzu na shigo, ko yunifom ban cire ba, na ce bari in rubuta tun abin yana raina.

Tun ƙarfe biyu ya kamata in tashi daga aiki. To amma akwai wani dattijo a gado na huɗu da jininsa ya ƙi sauka tun safe, ni kuma wallahi ba na iya juya baya in bar mara lafiya a haka, sai na tsaya ina ta auna shi duk bayan rabin awa har likita ya zo ya canza magani. Da ya buɗe ido ya ce "Allah ya yi miki albarka 'yata" sai na ji gajiyar ta tafi. Ina son aikin nan har cikin zuciyata.

Amma abin da na yi wa wata sabuwar nas shi ya tsaya min a rai. Ta manta ba ta rubuta lokacin da ta sa ƙarin ruwa ba, kuskure ne babba kam, sai dai a gaban majinyata na daka mata tsawa. "Ki yi haƙuri Sista" kawai ta ce, idonta ya kawo ruwa. Ni ma fa na taɓa zama sabuwa, kuma wadda ta koya min aiki gefe take ja na ta gyara min.

Na lissafa, satin nan awa 61 na yi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2021 ya ce mai aikin awa 55 ko fiye a sati haɗarin shanyewar ɓarin jiki yana ƙaruwa masa da kashi 35 cikin ɗari, ni da bakina nake faɗa wa mutane wannan.

A gida na tarar auta ta yi barci a kan kujera da littafin makaranta a hannu, tun la'asar take jira in duba mata aikin gida. Baban yara bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi "Maman yara, sau shida ta tambaye ki." Da ma faɗan ya yi da ya fi min sauƙi.

Na sa alam ƙarfe biyar don mu yi lissafin nan tare kafin ta tafi. In na isa asibiti kuma sabuwar nas ɗin nan zan fara nema in ba ta haƙuri.