Abin da zazzaɓin ya so ya yi wa zuciyar ɗiyata

Ranar da zazzaɓin ɗiyata ya kai kwana shida, idanunta sun kaɗa jawur ba kwantsa, leɓɓanta sun tsattsage, kaluluwa ta fito mata a gefen wuya, hannayenta sun kumbura har ba ta iya riƙe cokali. Shekararta uku. Likitan yara ya ce cutar Kawasaki ce, ya tura mu hoton zuciya. Ni kuwa na rasa me ya haɗa jan ido da zuciya.

Sai ya jawo takarda ya zana mini jijiya. Ya ce, "Maman yarinya, aikin a ciki yake, inda ido ba ya kaiwa."

Kowace jijiyar jini tana da shimfiɗa a cikinta, layi ɗaya tak na ƙwayoyin halitta, santsi gare shi, don jini ya wuce bai manne ba, bai daskare ba. A wannan cuta garkuwar jikin yaron ce ke harzuƙa, ta watsa sinadaran kumburi cikin jini, irin su TNF da IL-1. Da zarar sun taɓa shimfiɗar nan sai halinta ya canja. Santsin ya tafi, ta fitar da wasu 'yan ƙugiyoyi, fararen ƙwayoyin jini su maƙale a kansu, su kutsa ta tsakanin ƙwayoyin shimfiɗar da suka saki juna, su shige bangon jijiyar. Nan ne abin ya fi taɓa ni. Waɗanda aka halitta don su tsare yaro su ne ke sakin sinadaran da ke cinye zaren roba na bangon, wanda ke ba jijiya ƙarfin jure bugun jini. Bango ya yi laushi, jini na dukansa dare da rana, sai wurin ya kumbura kamar balan-balan. A cikin kumburin nan, jini yakan yi jinkiri, ya yi guda. Jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar kanta su cutar ta fi nema.

Likitan Japan Tomisaku Kawasaki ne ya bayyana cutar a 1967, da bayanin yara 50. Yawanci 'yan ƙasa da shekara biyar take kamawa. Idan ba a yi magani ba, kusan ɗaya cikin yara huɗu jijiyar zuciyarsa na kumbura. Idan aka ba da ƙarin ruwan garkuwa, wato IVIG, a cikin kwana goman farko, adadin kan sauko zuwa kamar biyar cikin ɗari.

Mu a kwana na bakwai aka ɗaura mata, aka haɗa da asfirin. Kashegari jikin ya yi sanyi, ta nemi ruwa da bakinta. Bayan sati biyu fatar yatsunta ta fara saɓulewa daga gefen farce, na tsorata, aka ce mini haka cutar take. Da muka koma hoton zuciya a sati na shida, na riƙe ƙafarta ina kallon allon da ban iya karantawa ba, har likita ya ɗago ya ce jijiyoyin suna nan daidai.