Na yi shekara ina neman mai sammu, ashe ciwon a wuyana yake

Ƙannena mata na Aboabo da Asawase a Kumasi, da ku nake, don mata ciwon yawan aikin tayirod, wata tsoka a gaban wuya, ya fi kamawa.

Wata 5 da haihuwar ɗana na biyu na fara ramewa, alhali ci nake ba ƙaƙƙautawa. Zobena ya riƙa zamewa daga yatsa. Da asuba ina zuba wa mutane koko, ludayin na kaɗawa a hannuna har ya ɗiga a zanena. Cikin hunturu kowa ya ƙudundune, ni zufa nake, gabana na dukan uku-uku ko ina kwance.

Surukata ta ce wahalar shayarwa ce. Ni na ce sammu ne, na ɗora wa wata maƙwabciyata, na daina gaishe ta. Kuɗin da na kashe wurin masu magani bai dame ni ba kamar wannan zargin.

Sai da idanuna suka fara firfitowa yayana ya kai ni asibitin Komfo Anokye. Aka ɗebi jini, aka ga T4, sinadarin da tayirod ke zubawa, ya hau, TSH, sinadarin da ke ba ta umarnin aiki, ya yi ƙasa. Likita ya taɓa gaban wuyana, ya ce nan akwai wata tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi, tayirod, ita ke saita saurin aikin jiki. Nawa ciwon Graves ne: garkuwar jikina ce take zungurar ta, ita kuma ta yi ta zuba sinadari fiye da kima. Yana bin dangi. Nan na tuna maƙoƙon innata, wanda kullum take rufewa da gyale.

Ba Graves kaɗai ke kawo yawan aikin tayirod ba. Akwai ƙulli a cikin maƙoƙo, an fi ganinsa ga manya. Akwai kumburin tayirod bayan haihuwa, wanda sau da yawa yakan lafa da kansa. Yawan aidin, sinadarin da akan sa a gishiri, ma na jawo shi, haka maganin zuciya amiodarone. Gwaji ne ke rarrabe su, don haka kada ki ari maganin wata.

Kuskurena na biyu, da na ji sauƙi a wata 3 sai na ajiye carbimazole, maganin rage aikin tayirod da akan sha wata 12 zuwa 18. Ciwon ya dawo. In kina shan sa kika ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ki je asibiti ranar, a duba jininki.

Maƙwabciyar nan kuwa, kafin in je neman gafararta ta koma Tamale. Har yau ina cigiyarta.