Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Muryar Kaka

A makon jiya na tsaya ne a inda na shekara huɗu ina yawo da muryata tsakanin ƙananan sutudiyo na unguwannin Nima da Mamobi a Accra, ƙasar Ghana, ina karɓar duk abin da aka miƙo mini, daga tallan maganin basir zuwa sanarwar ɗaurin aure, har da muryar ƙaramin yaro a wani wasan rediyo wanda har yau ba mu ga kuɗinsa ba. Duk tsawon wannan lokaci burina shi ne in yi magana irin ta masu karanta labarai a sashen Hausa na BBC. Nakan raba dare ina horar da harshena domin ƙ da ɗ su fito raɗau, ina kuma kiyaye "ya" da "ta", tunda Hausarmu ta zango ba ta cika bambanta namiji da mace ba, kuma a gidanmu idan aka ce "uwata ya zo" babu mai ɗaga kai. A lokacin kunyar wannan Hausa nake ji.

Ranar 30 ga Maris 2020 aka sa dokar kulle a Accra da Kumasi saboda korona, aiki ya tsaya cak. Ana cikin haka wani mai sutudiyo ya kira ni, ya ce wata ƙungiya tana neman saƙon wanke hannu da Hausa, wanda bai wuce daƙiƙa 45 ba, za a riƙa sa shi a lasifikar mota ana zagaya unguwanni. Da yake babu halin fita, sai na rataya barguna biyu a kusurwar ɗaki domin su shanye amo, na jira zakarun maƙwabta suka yi shiru, na ɗauka da wayata cikin Hausar Kano tsantsa.

Kafin in tura masa na kunna wa gwaggona, wadda ta fi shekara talatin tana sayar da koko da ƙosai a bakin titi. Ta saurara har ƙarshe tana tace gasara, sannan ta ce, "'Yata, muryarki ta yi daɗi, amma wannan ai labaran duniya ne. Da wa kike?"

Maganar ta sosa mini rai, ba zan ɓoye ba. Cikin haushi na koma bayan bargunan, na ajiye takardar, na kwaikwayi marigayiya kakarmu yadda take yi mana faɗa idan muka nufi kwanon tuwo ba mu wanke hannu ba, da ɗan tarinta kafin ta fara, da jan numfashinta, da yadda take kiran bokitin nan mai famfo da ake ce wa Veronica. Na tura duka biyun, na rubuta masa cewa na biyun wasa ne kawai.

Bayan la'asar ya kira yana dariya, ya ce, "Ƙanwata, wace tsohuwa kika samo? Ita suke so." Da dare kuɗina suka shigo ta waya.

Tun daga nan masu aiki suka daina tambayata ko zan iya muryar kaza. Cewa suke yi a kira musu Kaka. Sai dai muryar tsohuwa tana da nata haraji, domin daga can ƙasan maƙogwaro nake matso ta, kuma idan na maimaita ɗauka ya wuce sau goma muryata ta gaske takan dishe har washegari, dole sai da ruwan ɗumi da citta da zuma.

Ana ɗage kullen bayan mako uku, sai ga kira daga Asawase a Kumasi, wai suna son Kaka ta zo da kanta su gan ta. Shekarata 27 a lokacin. Yadda muka kwashe da su sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.