Karatun Lauya Daga Aji Huɗu Yake Farawa

A ƙarshen shekarar karatun da ta wuce ƙanena ya zo gidana bayan sallar Isha'i riƙe da sakamakon jarrabawar WAEC na 'yarsa ta fari, fuskarsa cike da farin ciki, domin yarinyar ta ci kowane darasi da kiredit, ciki har da Lissafi da darussan kimiyya guda uku da ake jin tsoro. Bayan mun gaisa ya ce mini, "Yaya, yarinyar nan ta ce ita lauya take son zama, ba likita ba, kuma na rasa yadda zan yi da ita, ka duba mana jami'ar da ta dace." Na karɓi takardar na bi ta daga sama har ƙasa, na sake komawa sama, ina neman darasi guda ɗaya wanda na riga na san ba zan same shi ba, wato Adabin Turanci. Babu shi, kuma babu Gwamnati, babu Tarihi. Na shafe shekaru ina koyar da darasin Gwamnati a babbar sakandare, kuma irin wannan takarda ta sha zuwa hannuna, amma ban taɓa jin nauyin faɗin gaskiya kamar a wannan dare ba, saboda 'yar tawa ce, kuma ina gari lokacin da aka yi mata zaɓin da ya kawo ta nan ban ce uffan ba.

Abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a tsarin karatun Najeriya ana yanke shawarar abin da yaro zai iya karanta a jami'a ne tun yana ɗan shekara goma sha huɗu ko sha biyar, lokacin da ya gama ƙaramar sakandare ya shiga aji huɗu, wanda ake kira SS1. A nan ake raba yara zuwa ajin kimiyya, da ajin kasuwanci, da ajin adabi da zamantakewa wanda ɗalibai ke kira ajin "at". A makarantu da yawa ba a tambayar yaro burinsa. Sakamakonsa na aji uku ake dubawa, waɗanda suka fi maki a tura su kimiyya, sauran kuma a zuba su a inda aka samu wuri. Da haka aka gina wata mummunar fahimta a zukatan yara da iyayensu, cewa ajin adabi matattarar waɗanda suka kasa ne, har yaro mai kaifin basira yana jin kunyar a gan shi a ciki. Alhali daga wannan ajin ne alƙalai da lauyoyi suke fitowa, kuma gurbin karatun shari'a yana cikin guraben da aka fi yin rububinsu a jami'o'in ƙasar nan.

Ƙofofi biyu ne a gaban mai neman wannan gurbi. Ta farko ita ce sakamakon kammala sakandare, na WAEC ko na NECO, inda ake bukatar kiredit a darussa biyar, kuma kiredit yana farawa ne daga A1 ya tsaya a C6. Wanda ya samu D7 ko E8 ya tsallake faɗuwa, amma ba a lissafa masa shi a cikin biyar ɗin. Ta biyu ita ce jarrabawar UTME ta hukumar JAMB, wadda ake rubuta darussa huɗu a cikinta a kan maki 400, Turanci dole, sauran ukun kuma daga ɓangaren adabi da zamantakewa. Darasin da ya fi yawan fitowa a sharuɗɗan jami'o'i, bayan Turanci, shi ne Adabin Turanci. Jami'o'i sun ɗan sha bamban a kan sauran, wasu suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗa, wasu kuma sun dage sai na zama ɗaya, shi ya sa kundin sharuɗɗan da JAMB ke fitarwa kowace shekara ya kamata uba ya karanta shi tun ɗansa yana aji uku, maimakon ya bari sai ranar da za a sayi fom.

A kan Adabin Turanci nake son in daɗe, domin a nan ne yaranmu na Arewa suka fi yin tuntuɓe. Akwai makarantun da ba su da malamin wannan darasi sam, akwai kuma waɗanda suke da shi amma yara suna gudunsa saboda an ce musu yana da wuyar ci. Gaskiya ne yana da nauyi. Ɗalibi zai karanta ƙagaggun labarai da wasannin kwaikwayo da waƙoƙi, na marubutan Afirka da na wajenta, har da wasa guda na Shakespeare da Turancinsa na da, sannan a ranar jarrabawa a ajiye masa wani rubutu da bai taɓa gani ba a ce ya fayyace shi. Littattafan da aka ware suna canzawa bayan kowace shekara biyar, don haka wanda ya gaji littattafan yayansa ya tabbatar ba a wuce zamaninsu ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake koyar da darasin a wurare da dama, inda yara ba sa buɗe littafin kansa, sai wani ɗan taƙaitaccen bayani da ake sayarwa a kasuwa suke haddacewa. Mai yin haka yana iya tsira da C6, amma ya rasa ainihin abin da ya sa aka ɗora wa mai son shari'a wannan darasi.

Aikin lauya, idan aka tuɓe masa baƙar riga da hular gashi, karatu ne na ƙwaƙƙwafi. Zai zauna da hukuncin Kotun Ƙoli mai shafuka masu yawa ya tsamo ainihin dalilin da aka gina hukuncin a kansa, ya raba shi da maganganun da alƙali ya yi a kan hanya. Zai kalli sashe guda na doka ya lura cewa kalma ɗaya tana tilastawa, wata kuma tana ba da zaɓi ne kawai, kuma a kan wannan bambanci ake iya rasa gida ko a kuɓuta daga kurkuku. Yaron da ya saba tambayar kansa me ya sa marubuci ya zaɓi wannan kalma ya bar waccan, wane ne ke magana a wannan baiti, kuma me ya ɓoye, ya riga ya fara wannan horo bai sani ba. Ga kuma rubutu: amsar Adabi doguwar hujja ce da ake kafawa da shaida daga cikin littafi, kuma haka ake rubuta takardun da lauya ke gabatar wa kotu. Turanci shi ne harshen manyan kotunan Najeriya, da shi ake rubuta dokoki da hukunce-hukunce, saboda haka wanda ya shiga jami'a da raunin karatu da rubutu zai sha wuya shekara biyar cur.

Darasina na Gwamnati ba sai na yi masa dogon talla ba. A cikinsa ne yaro zai fara jin labarin kundin tsarin mulki na Clifford na 1922, da na Richards na 1946, da na Macpherson na 1951, da na Lyttelton na 1954 wanda ya kafa tsarin tarayya, har a gangaro kan na 1960 da 1963 da 1979 da kuma na 1999 da muke kai yanzu. Zai koyi rabon iko tsakanin majalisa da ɓangaren zartarwa da na shari'a, da ma'anar bin doka da oda, waɗanda duk zai sake haɗuwa da su da faɗi a darasin dokar tsarin mulki a jami'a. Tarihi kuwa shi ke bayyana masa dalilin da ya sa abubuwa suke yadda suke: me ya sa Arewa ke amfani da kundin hukunta laifuka na Penal Code wanda ya fara aiki a 1960, Kudu kuma tana da nata daban, yadda kotunan alƙalai na Daular Usmaniyya suka ci gaba da aiki a ƙarƙashin mulkin Turawa, da yadda dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamnoni. Idan makaranta tana da malaman duka biyun, ina ba da shawarar a ɗauke su tare. Idan dole sai ɗaya, a ɗauki wanda malaminsa ke shiga aji, ko da ba nawa ba ne.

Akwai wata dama da yaran Arewa suke da ita wadda ba kasafai ake nuna musu ba. Jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya, wadda tsangayarta ta shari'a ke harabar Kongo, da Bayero ta Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da ta Maiduguri, suna koyar da shari'ar Musulunci tare da dokokin da aka gada daga Ingila, wasu a matsayin digiri na haɗaka, wasu kuma a ware. Mai son wannan fanni yana bukatar Larabci ko Ilimin Addinin Musulunci a sakamakonsa, kuma wanda ya haɗa su biyun ya fi samun sauƙi idan aka zo kan littattafan mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke dogaro da su, irin su Risala da Mukhtasar na Khalil da Tuhfa. Kundin tsarin mulki na 1999 ya tanadi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga duk jihar da ke bukatarta, kuma shari'o'in aure da saki da gado da wasiyya da riƙon yara ba sa yankewa a ƙasar Hausa. Yaron da ya yi Islamiyya mai kyau, ko ya fito daga makarantun da ke rubuta jarrabawar NBAIS, wato hukumar kula da karatun Larabci da Addinin Musulunci, yana ɗauke da jarin da takwaransa ba shi da shi, muddin bai yi sakaci da Turanci da Adabinsa ba. Ɗalibi Kirista kuma Ilimin Addinin Kirista yana cika masa gurbi a cikin darussan da ake karɓa.

Sai Lissafi, wanda da yawa daga cikin masu gudowa ajin adabi suke zaton sun rabu da shi ke nan. Ko da wace irin ƙa'ida jami'a ta sa a kansa a shekarar da yaro zai nema, ni shawarata ita ce ya neme shi da kiredit, domin hakan ya buɗe masa duk ƙofofi, kuma aikin kansa yana bukatarsa. Wanda zai raba gado dole ya iya sarrafa rabi da rubu'i da sumuni da sulusi da sudusi, ya san cewa matar mamaci tana da ɗaya bisa takwas idan akwai 'ya'ya, ɗaya bisa huɗu idan babu, ya kuma san abin yi idan kason magada ya haura dukiyar aka shiga babin auli. Na taɓa zama a wurin rabon gadon wani maƙwabcinmu inda aka kwashe yini guda ana gardama, ba a kan hukunci ba, a kan lissafin da aka kasa daidaitawa. Haka nan lauyan kamfani ko na banki ko na haraji, kullum cikin alƙaluma yake. Tattalin Arziki ma yana da amfani ga mai hangen wannan ɓangare, kuma ana karɓarsa a cikin darussan zamantakewa.

Ba na son a raina darasin Hausa. Mafi yawan waɗanda za su shigo ofishin lauya a Kano ko Katsina ko Gusau da Hausa za su faɗi damuwarsu, a ƙananan kotunan shari'a da Hausa ake magana, a babbar kotu kuma ta bakin tafinta shaida ke ba da bayani. Lauyan da ya san harshen sosai shi ne zai gane lokacin da tafinta ya karkatar da maganar shaida, ya miƙe ya nemi a gyara.

Ya kamata kuma yaro da iyayensa su san tsawon tafiyar kafin su ɗaura niyya. Digirin shari'a shekara biyar ne ga wanda ya shiga ta UTME, huɗu ga wanda ya shiga kai tsaye aji biyu. Bayan nan sai shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, wadda hedikwatarta ke Bwari a Abuja, tana kuma da rassa a wurare da suka haɗa da Legas da Enugu da Yola da Bagauda a jihar Kano, sannan a rantsar da mutum a matsayin lauya. Majalisar kula da ilimin shari'a tana ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, wannan ne ya sa cika sharuɗɗa kawai ba ya wadatarwa, sai an haɗa da maki mai yawa. Ga 'yan mata da ake cewa tafiyar ta yi musu tsawo, nakan tuna musu Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar, mace ta farko daga Arewa da ta zama lauya, wadda ta riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 2012 zuwa 2014.

Wanda ya riga ya wuce aji huɗu a wani ɓangaren bai rasa hanya gaba ɗaya ba, sai dai zai biya da lokaci da kuɗi. Idan yana aji biyar, gara a je a roƙi shugaban makaranta a sauya masa aji tun kafin a yi rajistar jarrabawa, ya dage ya cike abin da ya wuce shi. Idan ya gama, akwai jarrabawar WAEC da NECO ta masu zaman kansu, inda zai iya rubuta darussan da ya rasa. Akwai kuma shirin share fagen shiga jami'a na IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, da difloma ta shari'a da wasu makarantu ke bayarwa, waɗanda ake neman shiga aji biyu da su, amma su ma ba sa ɗauke wa mutum sharaɗin kiredit na sakandare.

Wannan hanya ta masu zaman kansu ita muka zaɓa wa 'yar ƙanena. Mahaifinta ya so a lallashe ta ta karɓi abin da sakamakonta ya ba ta, ya ce shekara guda ba wasa ba ce ga 'ya mace, ni kuma na roƙe shi ya bari mu ji ta bakinta tukuna. Da aka kira ta, ta durƙusa ta ce, "Baffa, idan shekara ɗaya ce kawai, zan iya." Yanzu ta yi rajistar Adabin Turanci da Gwamnati da Ilimin Addinin Musulunci, kuma kowace Asabar da hantsi tana zuwa gidana da littattafanta. Gwamnati nake koya mata, Adabin kuma na haɗa ta da wata abokiyar aikina da ta yi ritaya, wadda sharaɗinta na farko shi ne kada yarinyar ta shigo mata gida da taƙaitaccen bayanin kasuwa.