Baƙar fatata ba ta yi mini karatu ba

Ƙannena masu sha'awar ilimin zamantakewar al'umma, musamman masu son nazarin launin fata da jinsi, ga abin da ya cinye mini shekaru, kada ya cinye muku.

Da na sauka Amurka yin digirin digirgir, na zaɓi bincike kan baƙaƙen mata masu jinyar tsofaffi a gidaje. A raina na ce faɗuwa ta zo daidai da zama: ni baƙa ce, ni mace ce, me zai gagare ni? Na tsara tambayoyina gida biyu, na wariyar launi daban, na wariyar jinsi daban. Wata dattijuwa a cikinsu, wadda a haife ta haife ni, ta saurare ni har na gama, sannan ta nuna mini cewa duk ranar da aka wulaƙanta ta a gidan aiki, ba a ce mata yau don fatarki ne, gobe don ke mace ce. Ta kuma tuna mini a hankali cewa kakanninta sun yi bauta a ƙasar, ni kuwa jirgi ne ya kawo ni da guraben karatu. Ranar kunya ta hana ni barci.

Abin da ya fi ciwo, wannan magana tana cikin karatun da na yi wa karatun tsallake. Wasu baƙaƙen mata biyar sun kai ƙarar kamfanin motoci na General Motors a birnin St. Louis. A 1976 kotu ta ƙi yarda a haɗa launi da jinsi a ƙara guda, ga shi kamfanin yana ɗaukar mata, amma farare. Irin wannan shari'a ce masaniyar shari'a Kimberlé Crenshaw ta yi nazari a 1989, ta nuna yadda baƙar mace ke tsaye a mahaɗar hanyoyi, ana iya buge ta daga kowane ɓangare. Na haddace wannan bayani don jarrabawa, ban kai shi cikin tambayoyina ba. Dole na watsar da aikin kusan shekara guda na sake daga tushe. Ku tuna W.E.B. Du Bois, masanin zamantakewa ɗan Amurka, shi ma baƙi ne, amma da zai rubuta bincikensa kan baƙaƙen birnin Filadelfiya da ya fito a 1899, gida-gida ya bi yana tambaya yana rubutawa.

Kuskure na biyu ɗan uwan na farko ne. Da na samu aikin koyarwa, jami'ar ma ta ɗauka fatata takardar shaida ce. Duk kwamitin da ya shafi bambancin launi, ni. Duk ɗalibar da aka ɓata wa rai, ofishina. Ban iya cewa a'a ba, tarbiyyar gidanmu ce, kuma gaskiya ina ƙaunar yaran nan. To amma a can malami yana da kamar shekara shida ya tabbatar da kansa kafin a ba shi kujerar dindindin, kuma ranar hisabi maƙalun da ka wallafa a mujallun ilimi ake ƙirgawa. Na shiga shekara ta huɗu da yabo cike da baki da maƙala ɗaya tal.

Don haka, ƙanwata, ki tambayi abin da za a auna ki da shi tun watan farko, a ba ki a rubuce. Ki karɓi kwamiti ɗaya da kika yarda da aikinsa, sauran ki ba da haƙuri. Ki nemi babbar malama a wata jami'a da za ta karanta rubutunki ba sani ba sabo; ni sai da na makara na samu tawa. Kai ma ƙanena, idan mata za ka yi nazari, ka fara zama da su sau da yawa ba biro ba takarda kafin ka rubuta tambaya ko ɗaya.

Ni yanzu safiyar Talata da Alhamis ƙofata a rufe take har azahar, kuma ɗalibaina sun san bayan sallah za su same ni.